Fuskar da Malam Bukar Bai Gane Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Hajiya Ya Gana ta dawo kantinmu da lulluɓi har haɓa ba. Shekarata ta tara ke nan ina miƙa kaya a wani farmasi a Zinder. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji biyu na yi, na ga allo ba ya ƙaunata, na bar masa wurin.

Akwai man tamoji da muke sayarwa, mai sinadarin retinol. Madam, mai farmasin, ta sa na haddace ƙa'idarsa: a shafa kamar ƙwayar wake kafin barci, sau biyu a mako da farko, a guji rana, mai ciki kada ta taɓa. Wanda ya bi haka, bayan watanni fata kan yi laushi, ƙananan tamoji su ragu. Ni kuwa, da bakina mai gudu, ce wa Hajiya na yi, "Ki shafa, ki koma fuskarki ta ranar aure." Ƙa'idar na bar ta a aljihu.

Bayan kwana shida, da azahar, ga ta. Ta ɗaga mayafi. Fuskar ta kumbura sumul, tana sheƙi, ba layi ko ɗaya, gefen hanci na saɓa kamar maciji.

"Baba Ilu, kwana biyu Malam bai ci daga hannuna ba."

Ashe mijinta, Malam Bukar, makaho ne, da yatsu yake ganinta. Ya shafa bai sami fuskar da ya sani ba, ya ce muryar dai tata ce, amma wata aba ce ta ari muryar.

Madam ta duba ta, ta ce laftawa ta yi safe da yamma, ta shiga rana. Ta ce ta daina, ta shafa man kaɗe, kumburin zai sauka. Sannan ta juyo gare ni. "Kai ka ɗaura, je ka kwance."

Na same shi a gidansa a unguwar Kara-Kara, ya juya wa ƙofa baya, tuwo ya bushe a gabansa. Na yi bayani har da rantsuwa. Ya miƙo hannu. Yatsunsa sanyi ƙalau, suka bi goshina layi-layi.

"Kai naka suna nan. Na matata ka sayar." Ya sauke hannu. "Akwai guda uku a gefen idonta na hagu. Ranar da suka dawo, matata ta dawo."

Da ƙyar ya yarda ya ci daga hannuna. Mako guda ina zuwa ba shi tuwo, kafin kumburin ya sauka ya ƙirga ukunsa.

Man ba shi da laifi, bakina ne. Tun ranar ƙa'ida nake fara faɗa. Kuma kafin in miƙa kwalba nakan tambaya, a gida wa ya saba da fuskar nan?