Tukwanen Yaya Ilu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ilu, mai lambun na'ana'a da ɗoɗɗoya a bakin kogin Shari, ƙasa da unguwar Sabangali. Masu shayi da yawa daga nan har unguwar Ambassatna ganyensa suke jefawa a buta. Bai taɓa fesa masa magani ba. Ya ce ganyen da za a jefa ɗanye cikin kofin mutum amana ne.

Akwai wata cuta da ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa. Ganye ya yi yaushi ta gefe guda ko da an ba shi ruwa, in ka tsaga karan sai ka ga cikinsa ya yi duhu. Ta cinye lambunan maƙwabta, nasa yana tsaye. Wani malamin gona da ya taɓa aiki a yankin ne ya ba shi wata koriyar fumfuna, ya ce tana cin wadda ke kashe shuka. Yaya ya riƙa kiwonta a kan dusa cikin tukwane uku a zaurensa. Yakan gauraya ta da taki, ya binne kafin dashe.

Ya yi mini bayani ba sau ɗaya ba, ni kuwa ina jinsa da rabin kunne. "Malam," yakan ce yana dariya, "kai ka yi ta kiwon tawada, ka bar ni da dabbobina. Nawa ko kuka ba sa yi."

Ranar addu'ar uku na tarar zauren da malamai za su zauna yana warin ruɓa. Na ga bai dace a karanta Alƙur'ani kusa da wannan ba. Na juye tukwanen a juji, na wanke su da sabulu, na kife su a rana. A zatona dusa ce maganin, dusa kuwa tana nan cike da kasuwa. Ɗiyarsa Zara tana cikin gida wajen mata masu gaisuwa. Da ta fito ta ga tukwanen a kife, ta daɗe tana dubansu, sannan ta ce, "Baffa, har da ta ukun?"

Zara ce ta gaji lambun, da shi take ciyar da 'ya'yanta huɗu. Ta jiƙa sabuwar dusa ta rufe, abin da ya fito baƙi ne, bai hana komai ba. Mun nemi malamin gonan, aka ce aikinsu ya ƙare tuni, ya koma kudu. Shekara biyu ƙasar ta riƙe albarkar abin da Yaya ya binne. Daga nan kogi ya yi ambaliya, ya kwaso cutar daga lambunan sama. Yau fangali biyu ne suka rage mata masu rai.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce in ya ga garin maganin feshin da ake tsallakowa da shi ta gadar iyaka ta Ngueli a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda, ana fesa wa ganyen shayi da safe a tsinke shi da yamma. Cutar ma tana ƙasa, feshin ba ya kaiwa gare ta. Zara ta ƙi saye. Ban san zuwa yaushe za ta iya ƙi ba, ba ni kuma da bakin yi mata wa'azi.

Makon jiya ta zo mini da wata takarda da ta tsinta cikin aljihun tsohuwar rigar mahaifinta. Ita Faransanci ta karanta, takardar kuwa da ajami take, rubutun Yaya, mai karkata kamar na gaggawa. Ya tsara komai: yawan dusa, yawan ruwa, kwanakin rufewa, irin inuwar da ake so. Ta zauna ta gyara mayafi, ta ce in karanta a hankali za ta rubuta. Bayan bisimilla, layin farko cewa ya yi, "Ka ɗebi tafi ɗaya daga tsohuwar tukunya."

Ta ajiye biron. "Kalas, Baffa. Bar shi haka."

Na karanta sauran ni kaɗai bayan ta tafi, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Abin da ya rage na Yaya ke nan: ilimi cikakke da ba shi da mafari, da ɗiyar da ta ɗauki halinsa a lokacin da halin ba zai ciyar da ita ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Zara mafita. Ni kuma tsabtar da na yi a wannan rana, ina roƙon kada a tambaye ni ita.