An Binne Gerard Tierney Labulayen Layi a Buɗe

Gerard Tierney, da muke kira Gerry, mai shagon kifi da dankali a unguwarmu ta bakin tashar jiragen ruwan Liverpool, ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris. Likita ya ce zuciya ce.

Gerry, shekarar da 'yan dako suka yi yajin aiki, babu yaron layin nan da ya kwana da yunwa. Kana naɗe musu dankali mai zafi a jarida kana cewa, "Ku ɓace min, 'yan banza, kada Noreen ta gani." Alhali Noreen, matarka, ita ke barbaɗa gishirin. Ni ma da makaranta ta sallame ni daga koyarwa, a bencinka na yi hunturu.

Yaran nan sun girma. Da ƙwaya ta kashe ɗayansu a bayan shagonka, kai kaɗai ka tsaya a kotu ka nuna 'ya'yan gidan Mullan biyu da suka sayar masa. Kafin mako ya zagayo an rubuta maka kalmar nan ta Turanci da jan fenti a ƙofa: grass, wato ciyawa.

Ka ce da ni, "Farfesa, kai da ka sha boko, me ƙamus ya ce?"

Na ce ma'ana biyu ya kawo, abin da shanu ke ci, da mai kai mutanensa wajen 'yan sanda.

"To gaya musu ko tunkiya ba za ta ci ni ba, na yi tauri."

Ka yi dariya. Ƙamus bai faɗi sauran ba. Ciniki ya mutu, gaisuwa ta ɗauke, waɗanda ka ciyar suka koma tsallaka titi idan sun hango ka.

A nan, in za a wuce da gawa, kowane gida yakan ja labule don girmamawa, ko mamacin ɓarawo ne. Ranar jana'izarka duk tagogin a buɗe suke, mutane tsaye a ciki suna kallon Noreen.

'Ya'yan Mullan za su fito daga kurkuku da bazara. Na roƙi Noreen ta koma wajen ƙanwarta a Preston. Ta ce, "Sha shayinka, Farfesa. A gidan nan aka kawo ni amarya."

Allah Ya ji ƙanka, Gerry, Ya yafe maka kurakuranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Colette da jikokinka. Noreen kuwa, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya kuma tsare ki, domin a layin nan ban ga mai yin hakan ba.