Ɗigon Jini a Tudun Fulani

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, ni da ɗalibaina uku masu koyon likitancin dabbobi, da akwatin madubin likita wanda na hana kowa ɗauka sai ni. A takarda, jinin shanu za mu ɗebo a Minna saboda sammore, ciwon da ke ramar da su. Amma ni da wata a cikina. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Bafulatanin Tudun Fulani, ya ce yana gama jarrabawa zai bar ɗakin bincike, ya nemi aikin allurar shanu a En'e, wato hukumar gargajiya, kusa da gida. Tun da nake koyarwa ban ga mai idonsa a madubi ba. Da na matsa masa, ya ce shanun babansa suna ƙarewa, kuma tsohon bai taɓa cewa uffan kan karatun nan ba. Na ce to, ni zan je in ji daga bakin tsohon.

Jirgin ya yi ta tsaye-tsaye kamar mai gaisuwar Salla, hayaƙin kwal kuma ya gama da farar rigata tun kafin tashar Sarkin Pawa. Can muka sayi dafaffen ƙwai kwabo-kwabo, muna kallon matan Gwari ɗauke da doya a kafaɗa, kansu ko tsinke babu. Sai bayan azahar muka sauka Minna, zafi ya ce salamu alaikum. A Sabon Gari wata mata ta sayar mana da sakwara da miyar agushi, kwano sule ɗaya. Bakanon cikinmu ya rantse ba ya cin abin da ba a taunawa, ƙarshe kwano biyu ya tashi da shi.

Washegari da hantsi lori ta sauke mu bayan Bosso, muka taka zuwa rugar baban ɗalibin. Tsohon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo mai sanyi. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gida. Da ya zo kan ɗansa sai ya tsallake, ko kallo. Raina ya ɓaci. Na gyara zama na fara yabon ɗalibina, ina kama sunansa, ina faɗin irin baiwar da Allah ya yi masa. Tsohon ya zuba wa ƙasa ido, ya tambaye ni yaya damina a Kaduna. Na sake ɗaukowa, ya sake tambayar damina.

Goggon ɗalibin ce ta yafito ni bayan bukka. Ta ce, "Malam, ɗan fari ne fa. Sau uku kana kama sunansa a gaban ubansa, ka sa tsoho ya rasa inda zai sa kansa." Kunya ta rufe ni. Ni da aka raina a gidan da ake wannan alkunyar, karatu ya sa na ɗauke ta ƙiyayya.

Na tattara jawabina na ajiye, muka kama aiki. Aka riƙe wata ramammiyar saniya, ɗalibin ya tsaga bakin kunnenta kaɗan, ya ɗiga jini a gilashi, ya juya madubin ya tari hasken rana. Na ga tsohon yana matsowa yana yi kamar saniyar yake dubawa. Na ce, "Baba, bismilla, leƙa." Da farko idon da zai duba da shi ya rufe, ɗaliban suka danne dariya. Da ya gyara, sai ya daɗe a sunkuye.

Ya ce, "Malam, mene ne wannan ke iyo a jinin saniyata?" Na ce sammore ke nan. Ya ce, "Wanda ke sa mutum barci fa?" Na ce danginsa ne, ƙudan tsando ke kawo su duka biyun, kuma maganin da muke da shi yana da ƙarfi, ba kowa ke jure shi ba. Wanda ya fi shi ake nema, a ɗaki irin namu ake nemansa.

Ya miƙe, ya dafa bayan saniyar. Ya ce, "Uwar gidan nan wata bakwai tana barci har ta tafi. Ban san da wa nake faɗa ba, sai yau." Har yanzu saniyar yake kallo. "Malam, ka gaya wa wancan mai gilashin, masu allura suna zuwa mana duk shekara. Shi kada ya ɗauke ido daga abin nan." Ɗalibina yana tsugune taku biyu daga ƙafar babansa, yana goge gilashin da ya riga ya goge. Ni kam hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba.

Kwana biyu muka ƙara muna zagaya rugage har Maikunkele, sannan muka hau jirgin dawowa da jinin shanu da ƙwaryar man shanu da tsohon ya ce na ɗalibai ne. Na tafi Minna da dogon jawabi kan amfanin bincike, ashe abin da ya kamata tun farko shi ne in matsa gefe in bar mutum ya leƙa da idonsa. Mun iso Kaduna da la'asar lafiya. Akwatin madubin kuwa a cinyar ɗalibina ya yi tafiyar duka, ban ce ya ba ni ba.