Ƙofar Ruwan da Ta Cije

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, likita a Sakkwato ya tabbatar mahaifiyata na da ciwon daji a nono, ya ce a yi aiki da wuri. Muna komowa Bakura Inna ta ce ba inda za ta. Ta riga ta yanke cewa jifa ne, kuma ƙanwarta da ke aure a Birnin Tudu take zargi, don sun taɓa sa-in-sa kan gonar gado. Wuƙar likita, in ji ta, ba ta yanka sammu. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

A lokacin, boko na yi mini hayaƙi a ka. Na zaunar da ita na shiga zuba bayani: a cikin ƙwayoyin jiki akwai wani sinadari mai isar da saƙon su hayayyafa, wani ɓangarensa kan lalace, sai ya yi ta ba da umurni ba tsayawa, har ƙari ya fito. Na haɗa da sunayen Turanci masu karya haƙori.

Ta dube ni ta ce, "Mi kaka hwaɗi haka kamar rediyo?"

Can dabara ta faɗo mini.

"Inna, kin tuna shekarar da ƙofar kanal ɗin da ke kawo ruwa gonarmu ta cije a buɗe, ruwan madatsar Bakolori ya yi ta kwarara har ya cinye muna alkama?"

"Na tuna. Tsatsa ta."

"Wa yay yi mata jifa?"

Ta ja carbi, sannan ta ce, "Babu kowa. Kuma babanka bai tsaya neman mai laihi ba, mai gyara yak kira." Ta gyara mayafi. "Aika ma ƙanwata ta taho. Ita za ta yi jinyata."

Aka yi aiki, aka sha wuyar magani, ƙanwar nan tata na gefen gado har aka sallame su.

Abin ya koya mini cewa in mutum bai gane maganarka ba, kai ne ba ka gama karatu ba. Alhamdu lillahi, Inna na nan da ƙarfinta. Har yau in na ɗauko dogon bayani a tsakar gida, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ruhe ƙohwar hakanan, ɗan nan, gona ta ƙoshi."