Kwaɓin da Baba Ya Ƙi Bari Ya Huta

Babanmu magini ne, ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana ɗora bulo a kan bulo. Leburorin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ba su san shi da wani suna ba sai Kar-ya-bushe, domin da zarar ruwa ya taɓa siminti, abin da zai yi ta faɗa ke nan har a kwashe kwaɓin tas. Halin nan kuwa ya biyo shi gida. A tsaye yake shan shayi. Idan ka ce masa ya ɗan jira, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Ni ce babbar 'yarsa, kuma tun tasowata ban taɓa ganin ya zauna a kicin ba. Iyakarsa bakin ƙofa, ya leƙo ya tambaya ko an gama.

Kicin na Umma ne. A nan take gasa mana burodi da kek a wani tsohon oben da ita kaɗai ta san lagonsa. Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya tafi da hannun dama, ya bar mata ƙafa tana ja. Likita ya ce za ta samu sauƙi sosai idan tana ci, tana kuma motsawa. Umma ta ƙi duka biyun. Ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ko za a kai ta banɗaki, kawar da kai take yi idan an zo giftawa ta kicin. Wata huɗu muna kallonta tana zubewa, har awarwaronta ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Wata rana autarmu ta shigo da piza a kwali, burodin nan na Turawa mai faɗi, sai ga Umma ta gutsura sau biyu. Baba ya ɗaga wani yanka ya duba ƙasansa, yadda yake duba aikin wani magini.

"Wannan ai daɓe ne aka shafa wa tumatir," ya ce. "Ni zan yi mata, ta ci da zafinsa."

Auta ta ƙunshe dariya, ta kwafo masa yadda ake yi a takarda: fulawa kofi uku, yis ƙaramin cokali biyu, gishiri da sukari kaɗan, mai cokali biyu, ruwan ɗumi kofi ɗaya.

A gaskiya, wajen kwaɓi ba wanda zai kushe shi. Ya tara fulawar ya buɗe rami a tsakiya kamar yadda yake yi wa yashi da siminti, ya riƙa zuba ruwan a hankali yana janyo gefe. Ya murza da tafin hannun nan nasa mai kanta har kwaɓin ya yi sumul. Inda aka samu matsala shi ne layin ƙarshe na takardar, wanda ya ce a rufe a bar shi awa ɗaya. Baba ya karanta ya yi tsaki.

"Malalaci ne ya rubuta wannan. Wa ya taɓa barin kwaɓi a zaune?"

"Baba, ba siminti ba ne fa," na ce.

"Kwaɓi kwaɓi ne, 'yar nan. Ko ke za ki koya mini?"

Nan take ya baza shi a faranti, ya daidaita kaurinsa da ruwan wuƙa, ya shafa tumatir, ya barbaɗa cuku, ya tura oben. Abin da ya fito, da an jera shi a ƙasan banɗaki da ya yi shekaru. Washegari ya ce ruwa ne ya yi kaɗan. Rana ta uku ya ɗora wa yis laifi. Kullum sai ya kai wa Umma da kansa, ta duba, ta mai da kai bango. Ya fito da farantin, kafaɗunsa a sauke. A lokacin na daina dariya, domin na gane mutumin nan ba shi da wata hanyar roƙonta ta rayu sai wannan.

Rana ta huɗu da hantsi ya gama murzawa, ya jawo murfin oben, murfin ya yi ƙararsa. Sai muka ji murya daga ɗaki, a karkace amma da ƙarfi.

"Malam! Rufe min oben ɗin nan!"

Ashe duk kwanakin nan kunnenta na kicin. Tana jin lokacin da murza ta tsaya, tana jin lokacin da murfi ya buɗe, ta kuma san abin da ba a yi ba a tsakani.

"Zo ki kama ni," ta ce da ni.

Na tallafe ta muka taka har kicin, na zaunar da ita a kujera. Ba ta kalli ko'ina ba sai kwanon kwaɓin. Ta sa Baba ya dunƙule kwaɓin ya shafe shi da mai, ya jiƙa tsumma mai tsabta ya rufe, ya ajiye mata a cinya. Ta ɗora hannun hagu a kai.

"Zai bushe," in ji Baba.

"Naka ne yake mutuwa idan an bar shi. Wannan yanzu zai fara rayuwa. Zauna."

Ya zauna a kan buhun fulawa. Bayan minti goma ya miƙo hannu zai ɗaga tsumman, ta buge shi. Ya duba agogo, ya karkaɗa ƙafa, ya gano wata tsaga a bango ya ce gobe zai like ta.

"Tsagar nan ta girmi auta," Umma ta ce. "Yau ka gan ta saboda yau ka zauna."

Can ya tambaye ta, a hankali, ko haka take zama kullum idan tana burodi. Ta ce haka, da burodi, da yara, da shi kansa idan ya tafi aikin nesa. Na fice na ba su wuri, don idona ya cika.

Da awa ta cika suka kira ni. Tsumman ya yi tozo, kwaɓin ya ninka. Umma ta sa shi ya danna da yatsa, ya ga yadda wurin yake dawowa a hankali. Baba ya yi ta kallo baki buɗe, shi da ya gina benaye. Ta hana shi wuƙa, ta ce da yatsu ake bazawa daga tsakiya, a bar bakin da kauri. Da ya yi mata ba daidai ba, sai ta ɗauko hannun daman da na hagu ta aza shi a kan kwaɓin, ta danna da iya abin da ya rage masa na ƙarfi.

Pizar ta fito a karkace, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Umma ta ci yanka ɗaya da rabi, ta ce gishiri ya yi yawa.

Da safe na kai mata ruwan wanka, na tarar ba kowa a gadon. Sai na jiyo ƙarar tukwane. Tana tsaye a kicin, ta jingina da kanta, Baba na bayanta ya ware hannuwa ko za ta faɗi, bai taɓa ta ba.

"Wata huɗu kacal," ta ce ba tare da ta juyo ba, "kun mai da min kicin kasuwa. Wace ce a cikinku ta sa min rariya a cikin tukunyar miya?"