Baba Mai Guduma da layin da ya kai lungun Auta

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Guduma yake shigowa ɗakin yara masu ciwon ƙashi, kafin likitoci su fara zagaye. Tsani a kafaɗa, tsumma a aljihun hagu, a na dama kuma wata 'yar guduma da ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba. Ba ya gaida manya sai ya gama da yara. Gado-gado yake bi yana cewa, "Mutanen tasha ta ɗaya, kun tashi lafiya? Tasha ta biyu, yaya ƙafar?" Sannan ya jingina tsani ya hau, ya goge ɗan siririn layin dogon da ya zagaye bangon ɗakin can sama, ya ƙwanƙwasa kowace mahaɗa da gudumar, ya kara kunne. Sai ya gama wannan kaf yake murɗa makunni, jirgin ƙasa na wasa ya taho da tarago uku a bayansa.

Shekara uku ke nan yana haka. Yanzu ido ya fara gazawa, kuma a ƙarshen watan nan zai huta. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, domin ina ɗakin lokacin da aka fara aikin. Ina jinyar 'yata Auta, mai shekara takwas, wadda ciwo ya kama wa ƙashin baya.

Baba Mai Guduma ya yi shekara talatin da huɗu yana duba layin dogo na gaske. A ƙafa yake bin sa, yana dukan ƙarfe yana saurare, domin ƙarfen da ya tsage kukansa daban ne. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, sai ya riƙa zuwa asibitin yana gyara tayoyin gadaje da kekunan marasa lafiya. Wata rana Sista Babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta fito masa da wani kwali daga sito. Wani likita ne ya kawo bayan 'ya'yansa sun girma. Jirgi ne da layinsa gunduwa-gunduwa, da akwatin wuta, da ɗan littafi mai hotuna.

Ta ce, "Baba, tunda kai ne ɗan gida, ga 'yan'uwanka."

Ya yi sati uku yana bin littafin nan. Ya haɗa babban tebur a tsakiyar ɗaki, ya shimfiɗa layi a zagaye, ya yi dutse da takardar buhun siminti, ya huda masa rami jirgi na bi ta ciki. Ranar da aka kunna, nas-nas suka kewaye teburin suna tafi. Ni ma na je na gani, kuma ya yi kyau.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne yaran ɗakin nan a kwance suke rigingine. Wasu an ɗaure musu ƙafa da nauyi, wasu an sa musu filasta har ƙirji. Ƙara kawai suke ji. Gadon Auta kuwa yana cikin wani lungu a ƙarshen ɗakin, bayan wani ƙaton ginshiƙi, inda aka ce a da ajiyar bokitai ake yi. Daga can ta ɗaga murya.

"Baba, wai wa ka yi wa jirgin? Su Sista?"

Tafi ya tsaya. Na ruga zan rufe mata baki, don Auta akwai tambaya, har nas-nas suna ce mata Lauya. Baba ya ɗaga mini hannu alamar in ƙyale ta. Ya tsaya yana kallon teburinsa, ya kalli gadajen.

Washegari na shigo da ruwan zafi sai na tarar da tsoho kwance a gadon da babu kowa, ya cire takalma, ya ɗora hannu a ƙirji, yana kallon sama.

Sista Babba ta ce, "Baba, kati za mu yankar maka?"

Ya ce, "Yi haƙuri 'yata, awo nake yi."

Haka ya bi ɗakin. Inda gado ke da yaro, sai ya durƙusa ya sa kansa daidai da matashin, ya tambaya, "Me kake gani daga nan? Ina idonka ya tsaya?" Yaron ya nuna, shi kuma ya je ya sa alli a bango. Da ya gama sai ya gano cewa kowane yaro yana ganin saman bangon da ke fuskantarsa, daga kan taga zuwa silin. A ranar ya wargaza teburin da hannunsa, har da dutsen. Ni ce na ji zafin rushe dutsen nan, shi ko a jikinsa.

Daga nan na zama 'yar kallo, domin mai jinya ba ta rasa lokacin zama. Ashe aikin da nake ɗauka wasa ne yana da dokoki. Ya kafa katako siriri a jikin bango kamar kanta, ya yi masa ɗan baki a gefe. Idan bakin ya yi tsawo yara ba za su ga jirgi ba, idan ya yi gajarta jirgi zai iya faɗowa. Sau uku yana sake shi. Yana da wani ɗan ƙwallon gilashi da yake ɗorawa a kan katakon. In ya gangara da gudu, sai ya kwance ƙusa ya sake. Na tambaye shi dalili, ya ce jirgi ba akuya ba ne, ba ya son hawa, ba ya son gangara. Wurin ƙofa dole layi ya ɗan hau, sai ya faro hawan tun daga gado uku baya, kaɗan-kaɗan, yadda ido ba ya ma gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki lanƙwasa ce. A kusurwar ɗaki ba ya karya layin. Yana ɗaure alli a bakin zare, ya kafa ƙusa a kan kwali, ya zana rabin da'ira mai faɗi, ya yanka, sai ya gwada. Ya ce in lanƙwasa ta matse, kan jirgi zai wuce, taragon baya ne zai yi tsalle. Kuma duk guntun da ya gama, sai an janye gadon da ke ƙarƙashi, ya cika taragun da notuna don su yi nauyi, jirgi ya wuce sau goma bai girgiza ba, sannan ya yarda a mayar da yaro. Ko sau tara ya wuce, na goma ya ɗan yi ƙara, lissafi ya koma farko.

Cikin wata ɗaya jirgi ya zagaye ɗakin. Yara goma sha ɗaya suna ganinsa. Auta ce ta sha biyu, kuma ginshiƙi ya tare ta. Sista Babba ta so ta musanya mata gado, amma bututun iskar da take shaƙa a bangon lungun yake, kuma can ne kawai ba a bugun gadonta in ana wucewa. Ko 'yar girgiza sa ta ihu take yi.

Baba ya yi mata alkawari jirgi zai shigo. Nufinsa layin ya kewaya bayan ginshiƙi, ya shiga lungu, ya juyo ya fito. Amma lungun ya yi ƙunci. Ya yanka kwali ya fi guda shida. Duk wanda ya gwada, taragon baya sai ya faɗo kan katifar da ya shimfiɗa a ƙasa.

A cikin satin nan likita ya kira ni ofis. Ba zan maimaita maganarsa duka ba. Ya ce ciwon ya bazu, kuma makonni ake magana, ba watanni ba.

Da na fito na tarar da Baba a baranda yana goge wani guntun katako a hankali, kamar duniya ba ta sauri. Raina ya ɓaci. Akwai masu jinya zaune, ban duba su ba.

Na ce, "Baba, kai wane irin mutum ne? Sati biyu kana yankan kwali! Ka ɗora shi haka mana, in ya faɗo a ɗauka. Yarinyar nan ba ta da lokacin awonka!"

Ya ajiye katakon. Ya ce, "Na sani, 'yata. Sista ta gaya mini."

"To me kake jira?"

"In ya faɗo, a kan wa zai faɗo?"

Duk da haka ban sauko ba. Na ce masa ƙarfe ya fi masa mutum, na juya na tafi. Na yi zaton gobe ba zai zo ba. Ƙarfe bakwai sai ga shi.

Ya shiga lungu ya zauna a kujerata. Ya ce, "Lauya, na kawo ƙara. Jirgi ya ƙi juyawa a gidanki."

Muryarta ta riga ta yi ƙasa, amma tambaya ba ta bar ta ba. Ta ce, "Dole ne sai ya juya?"

"In bai juya ba ta ina zai fita?"

"Shi jirgi ba ya gajiya? Kullum zagaye, zagaye. Na gaske a ina yake hutawa?"

Baba ya fara yi mata bayani. Ya ce na gaske yana da rumfa a ƙarshen layi. Ya shiga da gaba, ya huta, ya fito da baya. Ya sake faɗa a hankali, "Ya fito da baya." Sai ya dafe kai yana dariya.

"Shekara talatin da huɗu ina bin layi, ban taɓa ganin wanda yake zagaye ba. Ko wanne yana da ƙarshe. Littafin yara ya sa na manta aikina!"

Ta ce, "To ka biya kuɗin lauya."

Ya ce, "Za a biya da jirgi, ranki ya daɗe."

Ba a buƙatar lanƙwasa ke nan. Ya yi mararraba a babban layi kafin ginshiƙi, da wani ɗan harshen ƙarfe mai motsi. In harshen ya koma dama jirgi ya ci gaba da zagaye, in ya koma hagu sai ya miƙe ɗoɗar ya shiga lungu ta bangon da ke wajen ƙafafunta, ya tsaya a rumfa. Rumfar da gwangwanin madara ya yi ta. Ya ɗaura zare a harshen, ya bi da shi ta cikin ƙananan zobba har zuwa gefen gadonta, ya sa masa maɓalli babba a baki don yatsunta su iya riƙewa. In ta ja jirgi ya shigo, in ta saki ya fito da baya.

Kwana huɗu aikin ya ci. A rana ta huɗu na ga ya fara cika taragu da notuna, zai yi gwajin nan na sau goma. Gadon Auta ba ya janyuwa. Sai ya sa ni da wata nas muka riƙe bargo a miƙe tsakanin layin da gadon, shi yana kan tsani. Auta ce mai ƙirga, da kunne, don bargon ya tare mata gani. Ɗaya, biyu, uku. A na bakwai na gaji, gefen bargon ya fara saki. Ya ce, "Riƙe da kyau, saura uku." Bai rage ko ɗaya ba. Da ta ce goma ya sauko, ya zazzage notunan, ya sa mata maɓallin a tafin hannu.

"Daga yau ke ce mai ba da hanya. In ba ki ja ba, ba ya shigowa."

Muka janye bargo. Ta bar jirgin ya wuce sau biyu da gangan, tana jin ƙararsa a bayan ginshiƙi. A na uku ta ja. Ya leƙo da fitilarsa, ya taho a hankali, ya shiga rumfa ya tsaya. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Ashe ja ne. Ni na ɗauka baƙi ne."

Daga cikin ɗaki yara suka fara kira, "Lauya, saki jirgi mana!" Ta ce a gaya musu yana hutawa.

Kwana goma sha tara ta yi da zaren nan a hannu. Ta tambayi Baba me ya sa tayar jirgi take da baki a ciki, me ya sa ake zuba duwatsu a ƙarƙashin layi, wa yake gaya wa direba ya tsaya. Ya amsa mata duka, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. A rana ta ashirin da safe Allah ya karɓi abinsa.

Baba, kai ne ka ƙi yi mini abin da na roƙa, kuma ka yi mini abin da ya fi shi. Kai ne mai kunnen da ke jin ƙarfe, ka kuma ji yarinya 'yar shekara takwas lokacin da ta gyara maka aiki, ba ka ji kunyar dariya a gabanta ba. Da ka biye mini ka yi gaggawa, jirgin nan ya faɗo mata ko sau ɗaya, da da wannan zan riƙa tunawa. Yanzu abin da nake tunawa shi ne fuskarta lokacin da fitila ta leƙo.

Na gode. Iyayen da suka zauna a ɗakin nan bayana ma na san za su ce haka, ko da ba su san yadda aka yi layin ya kai lungu ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa 'ya'yan mutane.

Ku kuma da kuka ajiye aiki da sana'a a hannu, kafinta ne, mai gyaran agogo ne, tela ce, mai haɗa wuta ne, kada ku ce an gama da ku. Akwai ɗakuna irin wannan kusa da ku, da yara kwance suna ƙirga awa. Ku shiga ku tambaya me ake buƙata, kuma in kun fara ku yi shi da kyau kamar na manya.

Saura abu ɗaya. Baba, na ɗaga maka murya a baranda a gaban mutane, na faɗa maka maganar da ba ta dace ba. Shekara uku muna gaisawa, ba ka taɓa tayar da zancen ba, ni kuma nauyi ya hana ni. A gaban mutane na yi laifin, shi ya sa na kawo shi nan. Ka yafe mini.