Akawun Kotu da Littafina na Farko

Ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Hajji lokacin da na gama rubuta littafina na farko. Labarin wani direban babbar mota ne mai dakon gyaɗa, kuma sai da ya cinye mini littattafan rubutu biyar, masu shafi tamanin-tamanin. Na haɗa su na ɗaure da roba. Duk wanda ya shigo ɗakina sai na ɗora masa su a hannu ya ji nauyi, amma ban taɓa yarda kowa ya buɗe ba.

Da na bincika, aka ce mini masu buga littafi a Kano ba sa duba rubutun hannu, sai wanda aka buga da tafireta. Aka kuma yi mini kwatancen wani dattijo a Rogo Sabon Gari, tsohon akawun kotu, wanda ya yi ritaya ya kafa tafiretarsa a zaure yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki.

Wata Asabar na hau ɗan babur ɗina na nufi Rogo. Na tarar da shi, gajere, tabaransa ɗaure da zare, fensir maƙale a gefen hula. Muka gaisa, na miƙa masa littattafan da hannu biyu. Ya jinjina su.

"Malam, duk wannan magana ɗaya ce?"

"Labari ne, Baba."

"To, Allah ya ba mu sa'a. Ka dawo bayan sati uku."

Ranar da na koma har da sabuwar riga na sa. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini wasu takardu da ba su kai kaurin ɗan yatsana ba. Na riƙe ina jiran ya miƙo sauran, shi kuwa ya koma goge tafiretarsa.

"Baba, ina sauran?"

"Shi ke nan."

Na zauna a kan benci na fara karantawa. A babin farko na rubuta yadda direba ya je gidan mai gari, suka yi shafi huɗu suna tambayar gajiya da gida da yara da damina, har da lafiyar shanu. A takardar dattijon kuwa kalma biyu na gani: suka gaisa.

Na ce, "Baba, ai gaisuwa al'adarmu ce."

"Shi ya sa. Wanda zai karanta Bahaushe ne, tun yana goye yake jin ta. Kai za ka koya masa?"

Na ci gaba da buɗa shafi. Can na lura kawun direba ya ɓace daga tsakiyar labarin, na ɗago na tambaya. Sai ya ciro fensirin daga hula, ya jawo littafina na biyu, ya nuna mini wani layi.

"A nan ka ce kawun ya rasu. Ka yi masa jana'iza, ka yi masa sadakar uku, har ni sai da na ji tausayi. A littafi na huɗu sai ga shi a gidan suna yana cin tuwo, yana neman ƙarin miya. Na duba gaba na duba baya, ban ga inda ya tashi ba."

Wallahi na manta na kashe mutumin. Wata bakwai ne tsakanin rubuta mutuwarsa da rubuta sunan.

"To, yaya ka yi da shi?"

"Na bar shi a makwancinsa. Tuwon na ba maƙwabcinsu."

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne nasihohin da nake rufe kowane babi da su, inda nake gaya wa jama'a darasin da za su ɗauka. Da su nake taƙama, amma ko ɗaya bai bari ba. Ya ce a kotu shaida abin da ya gani kawai yake faɗa, in ya fara yanke hukunci sai a zaunar da shi.

"Kai shaida ne, Malam. Mai karatu ne alƙali. Bar masa aikinsa."

Na yi niyyar tattara kayana in tafi, sai na ga ya cire wani wuri da ba zan iya haƙura da shi ba, inda uwar direba take sallamar ɗanta ranar da zai fara bin mota. Na ce wannan kam ban yarda ba. Ya ce wurin bai ƙara komai ba, yaro dai ya tafi. Muka yi ta ja-in-ja har muryoyinmu suka kai shagon telan da ke jikin zauren. Telan ya leƙo, tef rataye a wuya, yana tambaya ko lafiya.

Dattijon ya ce, "Yawwa, ga alƙali ya zo. Koma kan kekenka, ka buɗe kunne. Malam, karanta masa."

Na tsaya a ƙofar shagon na karanta daga rubutun hannuna. Uwar ta soya gyaɗa da yashi, ta juye a faifai, tana tsince waɗanda suka ƙone tana jefawa a bakinta, masu kyaun tana tara wa ɗan a tsumma. Da ta ƙulle ta miƙa masa, ba ta ce komai ba sai, "Ka bari ta huce tukuna."

Tun a tsakiya na ji keken ɗinkin ya yi shiru. Da na kai ƙarshe telan ya ce tasa uwar ƙuli-ƙuli ta ƙulle masa ranar da zai tafi koyon ɗinki. Dattijon ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"An ɗaukaka ƙara, Malam ya yi nasara."

Nan take ya zura sabuwar takarda ya buga wurin. Amma layi biyu na ƙarshe, inda na bayyana cewa wannan ya nuna irin ƙaunar da uwa take yi wa ɗanta, ya tsallake su, ya kalle ni ta saman tabarau. Na gyaɗa masa kai.

Da na ga kotun tana yi da ni, sai na ce a sake duba maganar gaisuwar ma. Aka ba ni dama. Ban gama shafin farko ba telan ya taka kekensa, ƙarar ta rufe muryata. Na rufe littafin da kaina.

Bayan mun dawo daga azahar dattijon ya miƙo mini biro, ya ɗauki ɗaya. Ashe tafiretarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai an bi da hannu ana sa wa kowanne. Direbana ya ga baki uku a zaure maimakon baƙi, ya kuma kai wa alƙali kara maimakon ƙara. Na nuna masa ina dariya. Ya ce shekara da shekaru yana buga "kai kara" a kotu, bai taɓa ganin wanda ya shigo da karan dawa a kafaɗa ba, amma tunda littafi ne, mu sa. Muka raba takardun biyu, muka duƙufa har la'asar. Shi ya riga ni gamawa, ya karɓi nawa ya sake bi, ya tsinto goma sha wani abu da na tsallake.

Littafin ya fito bayan wajen shekara biyu, siriri, da hoton mota a bangonsa. Na ɗauki ɗaya na kai masa har Rogo. Ya juya shi, ya shinshina takardar, ya sa mini albarka. Da na ce ya karanta ya gaya mini yadda ya gani, sai ya ce shi ya riga ya san yadda shari'ar ta ƙare, ya miƙa wa telan ta taga.